Darasin da Ya Sare Gawon Rijiyar Kadi

Yamai, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Isaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Amina da duk mutanen gida. Yaya kunnen naka? Ina fata kana ɗiga maganin da aka ba ka, ba ka rataye shi a bango ka manta ba. Ni zazzaɓin da na yi ya sake ni. Hajiya Rakiya, wadda nake zaune a gidanta nan unguwar Dar es Salam, tana gaishe ku. An zare mini salula a cikin motar haya ta faba-faba ran Litinin, don haka kada ka wahalar da kanka da hawan tudu neman rezo don ka kira ni. Sai dai takarda ta hannun Alhaji Ado na kasuwar Katako, yadda muka saba.

Kawu, abin da na gani jiya ne ya hana ni jira. A bana an ƙara mana wani darasi a cikin karatun tattalin arziki, ana ce masa ci gaba mai ɗorewa, wato yadda mutane za su ci daga gonarsu da ruwansu da dajinsu ba tare da sun cinye rabon jikokinsu ba. Madam Adama ce take koyar da mu. Ban da koyarwa, tana aiki da wani biro, wato ofis, a unguwar Filato inda ake tsare-tsaren karkara. Ta sha nuna mana hotunan ƙasashe masu nisa: tsibiran da teku yake cinyewa, kogunan da suka ƙafe, dazuzzukan da suka zama toka. Ina rubutawa ne kawai don jarrabawa, ba abin da yake taɓa ni.

Jiya sai ta kashe fitila ta haska wani hoto a bango, wanda aka ɗauka daga sama. Ta ce wani ƙauye ne a wajen Dogon Dutsi. Na ga tabki mai siffar ludayi. Na ga hanyar da take lanƙwasawa a bayan maƙabarta. Na ga jan dutsen gabas. Alƙalamina ya faɗi ƙasa. Kawu, Rijiyar Kadi ce. Garinmu ne a bangon aji, kewayensa fari fat, ban hangi icce ko ɗaya ba. Na ce a raina ƙila daga sama ba a ganinsu.

Madam ta ce idan abubuwa suka tafi a haka, nan da shekara ashirin ba gonar da za ta ba da dami a wurin nan, ba kuma wanda zai iya zama. Sannan ta raba mu ƙungiya-ƙungiya. Mu aka ba aikin tsara inda za a kai mutanen Rijiyar Kadi da yadda za a kwashe su, kuma kafin ƙarshen wata take son a miƙa mata.

Wani ɗan ajinmu, Anas, haihuwar Yamai ne, ya yi dariya ya ce, "A kawo su nan su riƙa sayar mana da ruwa." Aka yi dariya. Na kasa cewa a garin nan aka yanke mini cibi. Tun jiya ban iya cin abinci ba, ina ta tuna gonarka da rijiyar da rumbunan Inna.

Mako mai zuwa zan daure in tare Madam in tambaye ta. Ka gaishe mini da kowa.

Taka, Zuwera

*

Rijiyar Kadi, 13 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Zuwera,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarki, mun gode Allah da kika samu sauƙi. Kunnen yana nan yadda kika bar shi, sai an ɗaga murya. Inna Amina ƙafarta ce take ɗan damunta da sanyin nan. Hatsi bana ba laifi, an cika rumbu.

Kin san al'adata. Duk takardar da kika aiko, a ƙofar masallaci nake karanta ta bayan la'asar, don mutane suna son jin labarin ɗiyarsu ta jami'a. Wannan karon ban tsaya na duba ta ni kaɗai ba, na buɗe ta a gabansu. Da na kai inda kika ce ku aka ba aikin tsara inda za a kai mutanen Rijiyar Kadi, sai kowa ya matso. Mumuni, maƙwabcin gonata, ya ce in sake karantawa. Na sake.

Ya ce, "Wace ce wannan Madam?"

Na ce malamarku ce.

Ya ce, "Ba ka ce a Filato take aiki ba? To ai Filato nan ne gwamnati take zaune."

Na ce musu maganar aji ce, yara ake koya wa. Suka ce wa zai sa yara su zana tashin gari sukutum in ba an gama shawara a sama ba? Kafin magariba labarin ya shiga kowane gida. Da safe maigari ya aika aka kira ni, na karanta masa shi ma.

Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne hoton da kika ce babu icce. Tun da muka kafa kwamitin tsaron icce, kina goye a bayan mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, muka daina tumɓuke tohon gawo a gonaki. Ni ne shugaban kwamitin har yau. Ke da kanki kin san in kika tsaya a kan jan dutse ba ki ganin ƙarshen gawon. To wane gari aka nuna muku?

Ki amsa mini da kamiyon Alhaji Ado, motar kayansa ta ran Alhamis, a taƙaice: maganar aji ce, ko maganar gwamnati? Kada ki ɓoye mini don tausayi. Mutane sun zuba mini ido.

Kawunki, Isaka

*

Rijiyar Kadi, 4 ga Disamba

Zuwa ga Zuwera,

Salamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Ina fata ba rashin lafiya ce ta hana ki rubutu ba.

Kamiyo ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, babu takardarki. Kullum Alhamis mutane suna tsaye a bakin hanya tare da ni, direba ya girgiza kai, su juya su dube ni. Sun ce shirunki shi ne amsa. Sun ce an hana ki magana ne, ko kuma kin kasa faɗa wa kawunki da bakinki.

Mumuni ya hau tudu ya kira Alhaji Ado, tunda shi ne ɗan garinmu da ya fi kowa daɗewa a Yamai. Alhaji ya ce masa shi ma ya ji ƙishin-ƙishin, kuma abin da aka riga aka rubuta a Filato ba a fasa shi. Ya ce in tashi ya tabbata, icce ba zai bi kowa ba, gara mutum ya ci moriyarsa. Ya ce shi zai saya, zai turo masu sara.

Ran Asabar suka iso da gatura da injin yanka. A gonar Mumuni suka fara, da babban gawon nan da ke bakin iyakarmu, wanda kuke cin tuwo a inuwarsa lokacin noma. Na ruga na tsaya a gindinsa. Na ce, "Mumuni, da hannunka ka kare wannan iccen tun bai kai gwiwa ba."

Ya ce, "Isaka, ɗiyarka ta rubuta, kai ka karanta mana. Yanzu kuma kai za ka hana ni? In bar wa wa? In bar wa waɗanda za su kwashe mu?"

'Ya'yansa suka kama ni suka janye. Ni da ba na jin kiran salla sai ladan ya matso, na ji faɗuwar iccen nan har cikin ƙirjina.

Da aka ga Mumuni ya sare babu abin da ya faru, sai kowa ya shiga. Har 'yan kwamitin. Mutanen da muka yi shekaru muna zagaya gonaki tare da su, yau su ne suke nuna wa masu sara manyan. Gabashin gari ya zama fili, kana tsaye a ƙofar gida kana hango jan dutse tsirara. Wasu sun fara kai bisashensu kasuwa. Inna Amina ta daina fita ɗiban ruwa saboda maganganun mata.

Ni ban taɓa nawa ba. Na ce ko gobe za a ɗora ni a mota, a tsaye zan bar su. Amma Zuwera, ban san ko taurin kai nake yi ba. Don Allah ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Kawunki, Isaka

*

Yamai, 11 ga Disamba, da safe

Zuwa ga Kawu Isaka,

Assalamu alaikum, Kawuna na kaina. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Kun yi mini shiru! Sau biyu ina biyawa ta Katako, Alhaji ya ce babu saƙo. Na san aikin ɗaurin hatsi ne ya riƙe ka, na yafe. Ni lafiya lau, sai murna da ta hana ni zama.

Ka tuna hoton da na ba ka labari? Ban samu tambayar Madam ba, don washegarin ranar da na rubuto maka aka shiga yajin aiki, aka rufe azuzuwa fiye da wata. Jiya muka koma. Ta karɓi aikin da muka yi, ta ajiye a gefe ko dubawa ba ta yi ba. Ta sake haska hoton nan, ta ce, "Wa ya tambaye ni shekarar da aka ɗauki wannan?" Ta ce, "An ɗauke shi ne bayan babban fari, ba a haifi ko ɗayanku ba. Da gangan na ɓoye muku, don ku yi tunani irin na masu tsarin wancan zamani, waɗanda suka duba daga nesa suka yanke cewa wurin ya mutu."

Sai ta haska na biyu, na bara. Kawu! Tabkin ne, hanyar ce, jan dutsen ne, amma ko'ina ɗigo-ɗigon kore, kamar an watsa wake a faifai. Ta ce kowane ɗigo gawo ne. Ta ce ba wanda ya kawo musu shuka daga waje, ba wani poroje na masu agaji da ya zo da motoci. Manoma ne suka yi shawara suka bar toho ya girma, suka tsare shi, ƙasa ta farfaɗo, hatsi ya ƙaru. Ta ce har a tarukan ƙasashen waje takan nuna hoton nan. Ta ce duk wanda ya zauna ya tsara kwashe mutanen nan bai tambayi abin da suke yi da hannunsu ba, ya faɗi aikin.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Madam, garinmu ne. Kawuna ne shugaban masu tsaron iccen." Ajin ya ɗauki tafi. Anas ya zo bayan an tashi yana sunkuyar da kai, ya ce in yafe masa maganar ruwa. Madam ta riƙe hannuna ta ce bayan hutu za ta kwashi ajin gaba ɗaya mu zo, ɗalibai su zauna a gabanka ka koya musu.

Ka shirya babbar rigarka. Yanzu zan kai wannan Katako.

Taka, Zuwera

*

Katako, ranar dai, da azahar

Kawu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A tsaye nake rubuta wannan a bayan waccan takardar.

Na iso na tarar ana sauke kamiyon Alhaji. Icce ne ɗanye, wasu rassan da ganyensu. Na tsaya ina kallo don ƙamshin ya yi mini kama da gida. Sai na ga jan fenti a jikin wani gungume, irin alamar da kwamitinku yake shafa wa iccen da aka hana taɓawa. Na ga wani. Na ga wani. Bayan shagon kuma an tula su sun fi tsayina.

Na ce wa Sumana direba, "Daga ina wannan?"

Ya ce, "Daga garinku mana. Ba an ce za a tashe ku ba?"

Na faɗa shagon ko sallama ban yi ba. Alhaji Ado ya dube ni, ya ɗaga tabarmar da yake zaune a kai, ya zaro takardunka biyu. Ya ce, "Af, Zuwera, kin ga tsufa. Na manta da saƙonki."

Na karanta su a gabansa. Na ce, "Alhaji, sau biyu na zo ka ce babu. Kuma da Mumuni ya kira ka, me ya hana ka aika a tambaye ni? Ga ni nan Dar es Salam!"

Ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne, yarinya. An ce za a sayar, na saya. Ba ni na rubuta takarda ba."

Ƙarshen maganarsa gaskiya ce. Ni na rubuta.

Kawu, ka tara mutane yanzu, kada ka jira la'asar. Ka ce musu babu wanda zai tashi. Babu gwamnatin da ta yanke komai. Aikin aji ne, hoton tsoho ne, na tun kafin ku fara tsaron icce. A ajiye gatari. Wanda ya kai bisashensa kasuwa ya dawo da su. Na ari salular wata mai tuwo na kira lambar malamin lakkwal, makarantar bokon garinmu, har na gaji, ba ta shiga. Ba zan ba kamiyon Alhaji wannan ba. Zan kai ta tasha in ba motar Dogon Dutsi, in roƙi direban ya sa mai babur ya kawo maka ita yau.

Ka yafe mini. Ka ce wa Inna ta yafe mini.

Zuwera

*

Rijiyar Kadi, 16 ga Disamba

Zuwa ga ɗiyata Zuwera,

Salamu alaikum. Muna nan da rai. Inna Amina ta ce ki ci abinci, ta san halinki.

Mai babur ya kawo takardar. Na karanta ta ni kaɗai tukuna, gaba da baya, sannan na sa maigari ya buga ganga. Na fara da bayan takardar, inda kika ce babu tashi. Na zaci za a yi hamdala. Ba wanda ya motsa. Sai na juya na karanta musu gaban, maganar hoton na biyu da yadda ake nuna garinmu a ƙasashen waje. Nan ne wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Wani dattijo ya tashi ya nufi gabas shi kaɗai, aka bi shi aka tarar yana zaune a kan kututture.

Mumuni ya miƙe, idonsa ja. Ya ce, "Ku duba gonar Isaka. Ko reshe ba a karya ba. Me ya sa? Don ya san ƙarya ce tun farko. Shi da ɗiyarsa da Alhaji Ado suka haɗa baki, mu sare namu, nasa ya rage." Na buɗe baki in yi magana, hayaniya ta rufe ni. Mutumin da muka yi kaciya rana ɗaya da shi, Zuwera. Wasu sun yarda da shi. Wanda ya yi asara yana neman wanda zai ɗora wa.

Washegari ma'aikatan gandun daji suka zo, don sun ga kamiyon a hanya sun bi sawunsa. Kin san gawo icce ne da doka ta hana sarewa. Sun kwashe gatura, sun rubuta sunayen masu gonaki, sun ce kowa zai amsa kira. Ni suka fara tambaya, tunda ni ne shugaba: ina nake aka yi wannan? Maigari ya ce in sauka daga kwamitin har a ga yadda za ta kasance. Na sauka. Masu saran Alhaji kuwa tun kafin nan sun ɓace.

Shekaranjiya Mumuni ya kwashe iyalinsa ya tafi wajen ƙanensa a Gaya. Bai yi wa kowa sallama ba. Kin ga mun fara tashin da ba wanda ya umarce mu.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da ke kwana ɗaya. Daga baya na sake duba takardarki ta farko, na ga kin rubuta "idan", kin kuma ce za ki tambaya. Ni ne na ɗauki maganar da kika faɗa wa kawunki na kai ta ƙofar masallaci don a yaba mini. Amma bakina ba ya da daraja a garin nan yanzu. In da hali ki zo, su ji daga gare ki.

Kawunki, Isaka

*

Yamai, 20 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Isaka,

Assalamu alaikum. Na ga takardarka ta hannun direban Dutsi. Lafiyata ƙalau, ka ce wa Inna ina ci, Hajiya Rakiya tana tsaye a kaina.

Na je na samu Madam Adama a birota na Filato. Da ta gan ni ta yi murmushi, ta fara maganar motar da za ta ɗauki ɗalibai. Na ce, "Madam, babu abin da za a je gani a gabas. An sare." Na miƙa mata takardunka. Hausarta ta garin Tawa ce, ta karanta da kanta. Tana karantawa tana neman kujera da hannu har ta zauna. Da ta gama ta cire tabarau.

Ta ce, "Shekaru nake koyar da darasin nan a haka. Ban taɓa tambayar ko akwai ɗan garin a cikin ajin ba. Ni na ɓoye shekarar hoton, Zuwera. Ina koya muku kada ku yanke wa mutane hukunci daga nesa, ga shi na mai da garinku abin wasan aji ban taɓa taka shi ba."

Na ce mata ni zan bar karatun. Abin da kuka yi shekaru kuna ginawa, takarda ɗaya tawa ta rushe rabinsa. Ina amfanin ilimin da farkon abin da ya kai wa garinmu gatari ne? Ba ta lallashe ni ba. Ta ce wannan maganar tsakanina da kai ce. Abin da ke kanta shi ne ta je ta tsaya gaban mutanen ta faɗi nata laifin, ta kuma ga ma'aikatan gandun daji ta bayyana musu yadda abin ya faro.

Za mu taso ran Asabar a motarta, mu biyu, ba ɗalibai. Za ta zo da hotunan biyu a babbar takarda don kowa ya gani da idonsa. Kawu, ina jin tsoro. Ban san yadda zan dubi matan garinmu ba. Amma ina zuwa. In an gama, ka bar ni in zauna gida in taimaki Inna.

Taka, Zuwera

*

Rijiyar Kadi, 9 ga Janairu

Zuwa ga ɗiyata Zuwera,

Salamu alaikum. Ina fata kun isa lafiya, kuma kin koma aji yadda na umarce ki. Na san kin hau motar nan kina fushi da ni. Ki yi fushin, amma ki yi shi a aji. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, ta koma ɗiban ruwa.

Mutane ba su daina maganar zuwanku ba. Suna faɗin yadda kika tsaya a gabansu, ba ki ɓuya a bayan kowa ba. Suna faɗin yadda Madam ta cire takalmi ta zagaya gonakin gabas kututture bayan kututture har rana ta yi zafi, sannan ta dawo ta durƙusa gaban maigari. Ba su taɓa ganin mutumin Filato a durƙushe ba. Ba kowa ne ya huce ba. Akwai masu kau da kai in na wuce. Amma maganar haɗa baki ta mutu.

Ma'aikatan gandun daji sun dawo. Sun ce za su sassauta wa duk wanda ya ɗauki alkawarin tsare tohon da zai fito a gonarsa. Alhaji Ado kuwa an kira shi Dutsi, ban san yadda suka ƙare ba, kuma ban tambaya ba. An sake kafa kwamiti. Ba ni ne shugaba ba, wani matashi aka naɗa, kuma hakan ya fi. Ya zo ya tambaye ni yaushe gabas za ta koma yadda take. Na ce masa shi zai gani, ni ba zan gani ba.

Sai maganar da Madam ta bari, cewa ki rubuta littafinki na kammala karatu a kan abin da ya faru a nan. Maigari ya kawo ta gaban taro ran Juma'a. An yi gardama sosai. Wasu suka ce rubutunki ya ishe mu haka, za a kai kunyarmu Yamai a yi mana dariya. Sai tsohuwa Nafisa, wadda gawonta suka fi na kowa tafiya, ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "A bar ta ta rubuta. In ba ta rubuta ba wani zai rubuta daga sama. Amma ta zo ta zauna da mu ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. In ta gama ta karanta mana da Hausa, mu ce nan haka ne, nan ba haka ba ne, kafin Yamai ta ji." A kan haka aka tashi. Ina isar miki da saƙo ne, amsa tana gare ki.

Na aika wa Mumuni Gaya sau biyu cewa damina ba ta jiran kowa, ya dawo ya gyara gonarsa. Bai amsa ba. Ƙanensa ya ce ba fushi ne ya riƙe shi yanzu ba, ba ya iya tunanin tsayawa a gonar nan ne. Ƙofar gidansa tana nan a rufe. Ya bar tumaki biyu a garke saboda gaggawa, ni nake ba su ruwa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a inda kike.

Kawunki, Isaka